Mai Ƙwaƙwalwa Ba Ta Jin Gatse

"Saura tambaya ɗaya, Baba, mu gama," in ji Bamidele, yana lasar yatsa yana juya takarda.

Helma Haladu ya gyara zama a kan kujerar da kwana huɗu ke nan ta ƙi sabawa da shi, shi ma ya ƙi sabawa da ita. Shekara talatin da huɗu yana aikin kuza a wannan kamfani na Rayfield, ashirin daga ciki yana helma, wato shugaban leburorin rami, amma bai taɓa zama a ofis fiye da tsawon gaisuwa ba sai wannan makon. Babban aikinsa shi ne duba bangon rami. Kowace safiya shi zai fara zagayawa da sandarsa, ya dubi ƙasa, ya dubi ruwan da ke tsattsafowa, sannan ya ce a sauka ko kada a sauka. Ƙarshen watan nan na Yulin 1978 za a sallame shi, wai ya tsufa. Magajiyarsa tana can Legas a wani ɗaki mai sanyi. Sunanta kwamfuta, amma leburori Mai Ƙwaƙwalwa suke ce mata. Za a riƙa aika mata da awon ruwa da na ƙasa ta waya, ita kuma ta aiko da sunan ramin da za a shiga da wanda za a bari.

Sallamar ba ta ci masa rai kamar yadda aka ce da bakinsa za a koya mata aikin ba. Shi ya sa aka haɗa shi da Bamidele, saurayi ɗan Ibadan da ya karanto ilimin na'urar a Ingila, bai kuma taɓa sa ƙafa a rami ba. Hausarsa ta bautar ƙasa ce, tana tafiya amma tana ɗingishi. Haladu kuwa Bagobiri ne, ga zane nan raɗau a kumatunsa, kuma kowa ya san tsakanin Bagobiri da Bayarabe akwai wasa. Sai ya samu inda zai ɓoye haushinsa. Tun ranar farko "bawana" yake kiran yaron, yana yaɓa masa magana son ransa, Bamidele yana dariya yana rubutawa.

"Tambaya sittin. Idan ruwan sama ya yi kwana uku bai tsaya ba, mutum zai iya shiga rami?"

"A'a."

"To, shi ke nan, Baba. Mun gama. Zo ka ga inda maganarka yake shiga."

Ɗakin da ya kai shi ƙarami ne, da injin guda mai kama da keken buga takarda, sai dai ya fi shi ƙiba da ƙara. Wadda ke zaune gabansa ta miƙe ta rusuna. Kudirat ce, 'yar Alhaji Akanni mai sayar da kayan keke, maƙwabcin Haladu a unguwar Ali Kazaure. Haladu ya ci tuwon sunanta, Hausarta kuma ta fi ta wasu 'ya'yan Hausawan unguwar.

"Baba, sannu da zuwa. Yau ka zo ganin aikina?"

"Na zo ganin inda kuke binne ni, 'yar nan."

Ta yi dariya, ta zaro kati ɗaya daga cikin akwatin da ke gefenta, ta miƙa masa. Tsawonsa bai wuce tafin hannu da yatsu ba, duk an huhhuda shi da 'yan ƙananan ramuka. Haladu ya ɗaga shi wajen taga, haske ya ɓullo ta hudojin. Shekara talatin da huɗu, ga su nan kamar gara ta ci takarda.

"Wannan me na ce a cikinsa?"

Kudirat ta dubi lambar katin, ta buɗe takardun Bamidele. "Tambaya ta goma sha bakwai ce. Idan ruwan da ke tsattsafowa daga gindin bango ya ɗauke farat ɗaya, lafiya ne ko hatsari? Ka ce lafiya."

"Na ce me?"

"Lafiya, Baba. Ga alamar nan oga ya sa."

"Ka ce ƙwarai kuwa," in ji Bamidele da fara'arsa, "har ka ce mutum ya shimfiɗa tabarma a wurin ya yi barci. Ni ban manta ba."

Haladu ya tuna. Ranar Litinin ce. Tambayar ta soke shi a inda bai warke ba, domin haka ruwa ya ɗauke wata safiya a damina ta 1961, kowa yana murna rami ya bushe, kafin hantsi bango ya zubo a kan mutum bakwai. Ƙaninsa Lukuman yana cikinsu. Tun daga ranar duk leburan da ya yi wata guda a rami ya san ruwan da ya ɗauke bai tafi ko'ina ba, yana taruwa ne a bayan bango. A ce wai a zaunar da shi a kujera a tambaye shi wannan! Sai ya ba yaron amsar da ta dace da tambayar banza, ya yi masa gatse. Ko ɗan shekara bakwai a Ali Kazaure zai ji muryar ya san akasin haka ake nufi. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai kunnen da zai ɗauki maganar a miƙe ba.

"Ita na'urar," ya ce a hankali, "idan aka gaya mata abin da hankali ba zai ɗauka ba, ba ta tambaya?"

"Ba ta tambaya, Baba," in ji Kudirat. "Abin da aka huda shi take riƙewa. Ba ta mantuwa, ba ta kuma san wasa ba."

"Wa zai sake dubawa?"

"Wa zai iya karanta huda? Ƙarfe huɗu Sylvanus direba zai kai akwatin filin jirgi."

Haladu ya ajiye katin, ya ce zai je ya yi alwala, ya fita. Bai gaya musu gatse ya yi ba, kuma ya san bai gaya musu ba.

A gindin bishiyar turaren da ke bakin ofis ya tarar da Sylvanus direba yana goge gilashin mota. Mutumin Bukuru ne, sun shekara ashirin suna gaisawa, har bikin 'ya'yan juna sun je. Da ya ga fuskar Haladu sai ya ajiye tsumman. Haladu bai yi niyyar faɗa ba, amma maganar ta fi ƙarfin cikinsa, ya zayyane masa duka.

Sylvanus ya yi dariya har da dukan bayan mota. "Helma, Allah ya kama su! Ka bar shi haka. Kai ka aike su? Su ne suka ce ƙarfe ya fi mutum. Bari ya yi musu shirme sau ɗaya, wallahi manaja da kansa zai zo Ali Kazaure da mota, ya cire hula, ya ce Helma ka yi haƙuri ka dawo."

Gaskiya maganar ta yi wa Haladu daɗi. Har ya hango motar tana kutsawa cikin lungunsu, yara suna binta, shi kuma yana zaune a dakali bai ko tashi ba. Ya daɗe bai ji abin da ya sanyaya masa zuciya kamar wannan ba. Kuma ai ba ƙarya ya yi ba. Hausa ya yi, wanda bai ji ba shi ya jiyo.

Daga inda suke ana hango tudun jar ƙasar rami na huɗu, da leburori suna komawa bayan hutun rana, ɗaya bayan ɗaya, da kwanonin ɗaukar ƙasa a ka. Daga nesa ba a gane fuska, amma ya gane tafiyar Ishaku, ɗan marigayi Lukuman, wanda ya riƙa tun yana shekara takwas, yanzu ga shi magidanci da 'ya'ya biyu. Yana jefa ƙafar hagu kamar ubansa.

"Sylvanus," ya ce, "ta yaya za su gane ta yi shirmen?"

"Ah, to, ai idan ya ce rami lafiya, sai kuma..."

Sylvanus bai ƙarasa ba. Ya ɗauki tsummansa ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge.

Haladu ya yi sallar azahar a 'yar rumfar masallacin ma'aikata, ya daɗe zaune bayan ya sallame. Ba shawara yake yi ba, an gama wannan tun a gindin bishiya. Kunya ce ta danne shi. Dattijo mai furfura zai je gaban yaron da bai wuce sa'ar ɗansa ba ya ce ya yi wasa da ran mutane saboda haushi.

Ya tarar har an ɗaure akwatin da igiya. Bamidele yana rubuta adireshi a kai.

"Kwance shi," in ji Haladu.

"Baba?"

"Malam Bamidele, kwance shi. Ta goma sha bakwai ba haka take ba. Idan ruwa ya ɗauke, a fitar da kowa, ko takalmi kada a tsaya ɗauka. Gatse na yi maka."

Yau ce rana ta farko da ya kira shi da sunansa, kuma wannan ya fi maganar tsorata Bamidele. Ya juya wajen Kudirat. "Mene ne gatse?"

Kudirat ta dafe ƙirji. Ta yi masa bayani da Yarabanci, da sauri, tana nuna takardar. Fuskar Bamidele ta canja. Ya zauna a bakin tebur, ya cire tabarau, ya mayar.

"Baba, ni na yarda da kai. Duk abin da ka faɗa na rubuta. Na ɗauka kana sona, shi ya sa kana wasa da ni."

"Wasan gaskiya ne. Haushin ma gaskiya ne, amma ba naka ba ne. Laifina ne, ka yafe ni."

"Guda nawa ne haka?"

"Ban sani ba. Sai mun bi su duka."

Suka faro daga ta ɗaya. Wannan karon Kudirat ce ke karanta tambaya da amsar da aka sa, Haladu yana tsaye riƙe da sanda, ya ƙi kujerar. Ta huɗu daidai. Ta tara gatse ce. Ta goma sha ɗaya ma haka, inda ya ce tsagewar ƙasa a saman bango ado ce. Da Kudirat ta karanto wannan sai ta dube shi irin kallon da uwarta ke yi wa mai gardamar ciniki, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Duk wadda aka gyara sai ta cire tsohon katin ta huda sabo, injin yana ƙara kamar ana sara ƙashi. Kafin su kai ta arba'in har ya fara ba su abin da ba a tambaye shi ba: warin da ƙasa ke yi idan ta sha ruwa ta ƙoshi, da yadda tsakuwa ke gangarowa ɗaya-ɗaya kafin babbar ta taho, da ramin da tururuwa suke ƙaura daga bakinsa. Bamidele yana rubutawa a bayan takarda. Haladu yana ji a jikinsa cewa kowace kalma da ya bayar tana ƙara rufe masa ƙofar dawowa, bai kuma rage ko ɗaya ba.

Guda tara suka samu. Ƙarfe huɗu saura kwata Sylvanus ya danna ham sau ɗaya, bai sake ba.

"Saura abu guda," in ji Haladu. "Ni akwai safiyar da nake duba bango in rasa gane kansa. Ranar sai in ce ban sani ba, kada a sauka. Ita ina take faɗin haka?"

Bamidele ya dubi takardarsa. "Gurbi biyu ne kawai, Baba. Lafiya da hatsari. Dole ya zaɓi ɗaya."

"To ka yi mata na uku. Wanda bai iya cewa ban sani ba, ba a ba shi ran mutane."

Bamidele ya ja layi a gefen takardar ya buɗe sabon gurbi, ya ce zai bi akwatin da wasiƙa, idan ta kama ma ya bi shi da kansa. Kudirat ta ɗaure igiyar. Katunan nan tara da aka cire ta tattara za ta zuba a kwando, Haladu ya miƙa hannu ya karɓe su ya sa a aljihun rigarsa.

Suka tsaya a bakin ƙofa su uku suna kallon Sylvanus yana sa akwatin a kujerar gaba, ya ja mota ya fita.

"Yanzu kam, Baba," in ji Bamidele, "duk abin da ka sani, shi ma ya sani."

"Madalla. Allah ya sa ta fi ni iyawa."

Bamidele ya juyo ya dube shi sosai, alƙalami a hannu. "Baba, wannan gatse ne ko gaske?"

Haladu ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Ya dubi ƙurar motar, ya dubi tudun rami na huɗu, inda har yanzu mutane ke hawa da sauka da kwanoni a ka.

"Wannan," ya ce, "sa shi a sabon gurbin nan."