Shanun Tamu a Bangon Aji Huɗu

Malam Waliyyu ba mugun mutum ba ne, kuma ba rago ba ne. Aibinsa ɗaya, son yabo. In ka ce masa sannu da ƙoƙari da safe, har la'asar za ka same shi yana murmushi shi kaɗai. Shi ke koyar da lissafi a aji huɗu, a wata firamare ta ƙauye tsakanin Jega da Maiyama.

Babban abin taƙamarsa yaran ruga ne. Shi ya yi ta zarya a babur, rani da damina, har Tamu, dattijon rugar da ke bayan fadama, ya yarda ya sa yaransu a makaranta. Ranar da ya yarda ɗin ya riƙe hannun malamin ya ce, "Amana nib ba ka, Malam. In bokon ga ya taɓa min gida, kwashe abina zan yi." Waliyyu ya dafa ƙirji ya ce ko ƙuda ba zai taɓa su ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa Hajiya Khairiyya, mai duba makarantu, za ta zo ta ga darasi. Darasin makon kuwa shi ne kwatanta bayanai a jadawali da zanen ginshiƙai, yaro ya duba ya faɗi wanne ya fi yawa, da nawa ya fi. Misalan littafi duk na wasu 'ya'yan itatuwa ne da yaran ba su taɓa gani ba. Waliyyu ya ce shi zai yi abin da ba a taɓa yi ba, ya umarci kowane yaro ya ƙirgo dabbobin gidansu.

Kada wani ya ce bai sani ba. Ya sani sarai. Kakarsa ta wajen uwa, Goggo, Bafulatana ce, kuma yana yaro ta taɓa buge masa yatsa don ya nuna garke yana ƙirgawa. Makiyayi ba ya ƙirga shanunsa, ba ya kuma so a ƙirga masa. Da can tsoron kambun baka ne, yanzu kuwa ga ɓarayin shanu da masu ɗaukar mutane sun ƙaru a kai. Amma yabo na kiran Waliyyu, sai ya toshe kunne.

Washegari 'ya'yan manoma suka zo da nasu lissafin, awaki da tumaki da kaji, ana ta dariya da gardama a kan ko jaki ma dabba ne. Yaran ruga kuwa suka sunkuyar da kai, kowa ya ce bai sani ba. Sai Bushra, 'yar Tamu, ta ɗaga hannu. Ita ce ta fi kowa kai a ajin, kuma in malaminta ya ce a yi abu, to ta gama yi. Ta shiga garke tun kafin a tatsi nono, tana ajiye tsakuwa ɗaya a kan kowace goma, yadda shi ya koya musu. Ta faɗi adadin da ƙarfi, fuskarta cike da murna. Nawa ta ce? Wannan kam ba za a ji shi a nan ba, an faɗe shi ya isa haka.

Sauran yaran ruga suka dubi juna. Waliyyu ya tuna Goggo, amma da ya hango yadda dogon ginshiƙi ɗaya zai ƙawata zanen a tsakanin gajeru, sai ya ɗauko kwali. Ya zana na kowa, ya ja na Bushra har ya kusa fita daga kwalin, ya rubuta "Gidan Tamu" a ƙarƙashi, ya manna a bango.

Ranar zuwan Hajiya darasi ya yi kyau ƙwarai. Yara suka riƙa tashi suna nuna mafi tsawo da mafi gajarta, suna cire na gidan su Mu'azu, ɗan wani manomi, daga na gidan Tamu ba kuskure. Hajiya ta yaba har ta ɗauki hoton kwalin da wayarta, ta tura wa sauran malamai don su yi koyi. Waliyyu ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Hoto kuwa ba ya zama inda aka ajiye shi. Daga wayar malamai ya shiga wayar 'yan'uwansu, daga nan ya faɗa tasha. Ranar kasuwar Jega, Tamu na tsaye a kara, inda ake cinikin shanu, wani dillali ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a ya ce, "A'a, manya! Ashe haka kake, kana yawo da yagaggen takalmi?" Ya kuma faɗi adadin, bai rage ko maraƙi ba.

Wani abokin aikinsa ne ya bugo wa Waliyyu waya daga Aliero, yana ba shi labarin yana dariya. Waliyyu ya ruga aji ya yage kwalin, amma magana zarar bunu ce. Kunya ta hana shi cin abinci, ta hana shi haɗa ido da yaran ruga, waɗanda ma washegari ba su zo ba.

Da ya tattara sauran ƙarfin halinsa ya je rugar, ya tarar ana kwance bukkoki, mata na ɗaure ƙore a kan jakuna. Ya so Tamu ya zage shi, ko ya ɗaga masa sanda, da ya fi masa sauƙi. Amma Tamu ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo masa kindirmo, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya.

"Baffa, na yi laihi," in ji Waliyyu. "Ka gahwarce ni."

"Ba komi, Malam. Ni kaina ban san yawansu ba, kamanninsu nis sani, da uwar kowace. Yanzu ko ɗan acaɓan Jega ya hi ni sani."

"To ka bar min yaran, su zamna gidana su ƙare karatu. Ko Bushra kaɗai."

Tamu ya dube shi ba fushi. "Wanda duk yas san abin da ag gare ka, ba garke shika hwara zuwa ba, Malam. Ɗiya shika ɗauka, kai da kanka ka kai mishi shanun. Sha nononka."

Ya shanye. Ya yi sallama ya nufi babur ɗinsa, ba wanda ya raka shi.

Yana ƙoƙarin tayar da babur ɗin sai ya ji motsi a bayansa. Bushra ce, idanunta sun kumbura, tana riƙe da bakin mayafinta.

"Malam, ba mai yi min magana gidanmu, har Inna," ta ce a hankali. "Ko ɓata ƙirgar niy yi? In na ɓata, bari in sake maza kahin mu tashi, sai ka gyara zanen."

Waliyyu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙyar ya ce, "Ba ki ɓata ba, Bushra. Daidai kinka ƙirga."

"To mi niy yi?"

Ya kawar da kai ya dubi bukkokin da ake kwancewa. Ita kuwa ta tsaya tana dubansa, tana jiran amsa, don malaminta bai taɓa rasa amsa ba.