Makon da Layi Ya Sauka

Tun da aka sa dokar kulle, Auta ya mai da teburin cin abinci ofis. A nan yake zama da kwamfutarsa, tsakanin fulas ɗin shayi da kwandon kayan guga, yana ƙirga matattu. Aikinsa ke nan a hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Ofisoshin rajista su aiko da adadin waɗanda suka rasu, shi ya tara, ya zana layi, layin ya hau ko ya sauka. Tun shigowar annobar kuwa, hawa kawai yake yi.

Furfura ta fara leƙo masa, amma a gidansu har gobe Auta ne. Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune ita kaɗai a tsohon gidansu can ƙarshen gari, da ciwon sukari da hawan jini da taurin kai, kuma na ukun ya fi sauran tsanani. Duk mako yakan kai mata cefane, ya ajiye a bakin ƙofa, ya ja da baya da takunkumi a fuska, su gaisa daga nesa kamar waɗanda suka yi faɗa.

Ana cikin haka 'yar Yaya ta haihu. Yaya ita ce babbarsu, gidanta yana ɗaya gefen gari, kuma jaririyar ita ce tattaɓa-kunnen Inna ta farko. An nuna mata ita a waya. Inna ta ce ita ba ta san wannan gani ba, jaririn da ba ka ji ɗuminsa a hannu ba ai ba ka gan shi ba.

"Gobe zan je," ta ce wa Auta daga bakin ƙofa.

"Inna, ki rufa mini asiri. Ni nake ganin abin da ake ciki. Masu shekarunki da irin ciwonki su ne rabin layin nan."

"To sai yaushe? Sai ta yi haƙora?"

"Ranar da kika ji ofishinmu ya ce mutuwa ta fara raguwa, ki tafi. Ni da kaina ba zan hana ki ba."

Ta ƙare masa kallo. Inna ba ta yarda da likita ba, ba ta yarda da gwamnati ba, amma ta yarda da lissafin Auta tun yana ɗan firamare. Ta ce ta ji. Daga ranar ta dawo da rediyonta kusa da filo, duk Alhamis ta kasa kunne ta ji rahoton hukumar.

To, ga inda gizo yake saƙa. Ƙirgan matattu iri biyu ne. Ko dai ka sa mutum a makon da takardarsa ta iso ofis, ko ka sa shi a makon da ya mutu. A kwanakin kulle, ofisoshin rajista rabin yini suke buɗewa, dangi ba su da motar zuwa, sai takarda ta yi makonni ba ta iso ba. Saboda haka in ka ƙirga da ranar mutuwa, makonnin ƙarshe kullum za su fito 'yan kaɗan, layin ya lanƙwasa ƙasa ko da ana zuba gawa kamar me. Kamar mai gida ne ya ƙirga baƙin da suka zauna, ya manta da waɗanda ke hanya. Duk wanda ya yi wata guda a hukumar ya san wannan, shi ya sa Auta yake ƙirgawa da ranar isowar takarda.

Sai Darakta ya kira shi. Darakta mutum ne mai laushin murya, irin waɗanda ba za su taɓa ce maka ka yi ƙarya ba, sai dai su tambaye ka ko babu wata hanyar faɗin gaskiya.

"Na sama sun gaji da kulle," in ji shi. "Kasuwanni sun mutu, mutane na kuka. Wannan layin naka, ba ranar da mutum ya mutu ya kamata ya nuna ba? Ai ita ce ranar gaskiya."

"Haka ne, ranka ya daɗe, amma makonnin ƙarshe ba su cika ba. Zai nuna kamar abin yana sauka."

"Akwai lamba ɗaya ta ƙarya a ciki?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"To, madalla. Ka rubuta bayaninka a ƙasa. Kuma kai za ka karanta ranar Alhamis, mutane sun fi yarda da wanda ya yi aikin da hannunsa."

Auta ya mai da ƙirgan kan ranar mutuwa, ya rubuta bayaninsa a ƙasan jadawalin, da ƙananan haruffa, cewa alƙaluman makonnin ƙarshe ba su kammala ba. Ya ji sanyi a ransa da ya rubuta, kamar ya sauke nauyi. Ranar Alhamis ya sa babbar rigarsa ya je ɗakin taro, inda aka jera kujeru nesa da juna. Ya karanta abin da ke gabansa, cewa layin ya sauka, ya karanta har da bayanin. Nan take gidajen rediyo suka ɗauki jumlar farko suka yar da sauran, don su ma lokacinsu a ƙirge yake. Kafin yamma an sanar da sassauta kulle da rana, motocin haya za su fito.

Yana fita daga ɗakin taron ya kira Inna. Wallahi ya yi niyyar faɗa mata, har ya shirya kalmomin. Amma ko sallamarsa ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Na ji ka! Na ƙure rediyo, na buɗe taga, na ce wa maƙwabta ku ji Autana. Matar mai gyaran keke har da guɗa. Allah ya yi maka albarka, ka sa na ɗaga kai a unguwar nan."

"Amin, Inna. Sai dai ki ɗan ƙara haƙuri, kada ki fita tukuna."

"Ban gane ba. Ba kai ka ce ya sauka ba?"

"Ya sauka, amma..."

"Auta, ƙarya ka yi wa duniya?"

Darakta yana tsaye bayansa yana gaisawa da 'yan jarida da gwiwar hannu. Amma ba don Darakta ba ne bakin Auta ya yi nauyi, kada a ɗora wa mutum abin da bai yi ba. Muryarta ce. Shekara da shekaru bai ji ta da irin wannan farin ciki ba, ya kasa zama wanda zai kashe shi.

"A'a, Inna. Ba ƙarya ba ce."

"To, shi ke nan."

Ya ce a ransa da safe zai je ya yi mata bayani a tsanake. Da safen kuwa Inna ta riga shi. Ta shiga bas ɗin farko, cike maƙil da mutanen da suka ji abin da ta ji, ta sauke takunkuminta zuwa haɓa don zafi. Ta wuni a gidan Yaya da jaririya a cinya. An aiko masa hoton, tana dariya, ana ganin giɓinta.

Ba a rufa mako ba tari ya kama Inna. Daga tari sai zazzaɓi, daga nan numfashi ya soma gagara. A asibiti aka karɓe ta a bakin ƙofa, aka ce su tsaya waje. Auta ya yi kwanaki a harabar, cikin ɗaruruwan mutane masu jiran irin abin da yake jira, yana kallon motocin ɗaukar gawa suna fita. Ba ya bukatar kwamfuta ya san inda layin ya nufa. Wata nas ce ta fito da hantsi ta kira shi, ta miƙa masa leda da zanen Inna da silifas ɗinta da takardar da zai kai ofishin rajista. An binne ta ba su ga fuskarta ba.

Darakta ya kira ya yi ta'aziyya, kuma ya iya ta'aziyya, har muryarsa tana rawa. Da zai ajiye waya sai ya ce, "Kada ka wahalar da kanka da layin ofishin rajista a makon nan. Ka huta. Bayan Alhamis ma ai ba a makara ba."

Mutum ɗaya ba ya motsa layin matattun ƙasa baki ɗaya, ko da kaurin gashi. Darakta ya sani, Auta ya fi shi sani. Bakin Darakta ne kawai ya saba da rage adadi. Abin da ya fi ciwo shi ne Auta ya amsa da "To, ranka ya daɗe," ya ninke takardar, ya danne ta da fulas ɗin shayi a kan teburin, ya zauna ya haɗa rahoton mako.

Ranar Alhamis ya sake sa babbar rigarsa. Layin ya sake sauka, makon da Inna ta rasu ya fito ɗan tsurut a ƙarshen jadawalin. Aka tafa masa. Wani daga na sama ya ce irin ma'aikatan da ƙasa ke bukata ke nan, mutum yana cikin makoki amma bai bar aikinsa ba.

Yana cikin mota wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce. Tun ranar jana'iza ba ta yi masa magana ba, kuma bai san ko ta gane ba. Yana jin kukan jaririyar a bayanta, da tarin wani daga cikin ɗaki.

"Na ji ka a rediyo," ta ce. "Rediyon Inna ne, na ɗauko shi."

"Yaya..."

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Adadin nan da ka karanta, Inna tana ciki?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. A gabansa wata bas ta tsaya, mutane suna turereniyar shiga, har da wata tsohuwa da ƙunshi a ka, yaron mota yana jawo ta ciki.

"A'a," ya ce. "Ba ta iso ba tukuna."