Ludayin Inna

Wata uku bayan mun ɗauko Inna daga gona mun kawo ta gidana, sai ta daina cin abinci. Ba ta yi wa kowa rigima ba. In na ajiye mata faranti ta ce sannu da aiki, ta juya cokali sau biyu, ta rufe, ta tura ƙarƙashin kujera. Na canza miya, na canza shinkafa, har farantin na canza. Ni mace ce mai saurin hawa, kowa ya shaida, amma ina zan kai fushina a kan tsohuwar da ke yi mini godiya tana ramewa?

Ranar Litinin likita ya auna ta, ya ja ni gefe. Ya ce bai ga ciwon komai ba, amma in ta kai Juma'a a haka, dole a kwantar da ita a sa mata robar abinci ta hanci. Ashe Inna ta ji. A mota, tana kallon taga, ta ce, "Auta, kada ki bari su zura mini abin nan." Na ce to.

Yayana direban babbar mota ne, kuma a wurinsa babu matsalar da tafiya ba ta magani. Ya ce, "Girkin gas ɗin nan naki ne bai karɓe ta ba. Mu kai ta gona ta shaƙi hayaƙi."

Na ce, "Yaya, yaushe ka zama likita?"

"Tun ranar da naku ya gaza."

Maganarsa ba ta rasa tushe ba. Shekara arba'in Inna ta yi tana dafa wa ma'aikatan gona abinci a fili, ƙarƙashin babbar bishiya, a kan duwatsu uku. Ranar Laraba da hantsi muka isa. Ciyawa ta rufe wurin, amma duwatsun na nan inda ta bar su, baƙi ƙirin. Yaya ya faskara itace, ni na wanke tsohuwar tukunyarta na ɗora nama da dankali da albasa. Inna kuwa muka shimfiɗa mata tabarma can nesa, inda hayaƙi ba zai same ta ba, muka jingina ta da matashi biyu. Mun ce ta sha wahala a rayuwa, yau ranar hutunta ce.

Da na ga kamar ya nuna, na zuba mata a faranti na kai har gabanta na durƙusa. Ta shaƙi ƙamshin, ta lumshe ido. Ta ce, "Sannu da aiki, Auta." Ta juya cokali sau biyu, ta rufe.

Na ɗauke farantin. Na tura wa murhun duk itacen da ya rage, don haushi kawai, na je na zauna na jingina da bishiyar. Yaya ya kwanta a inuwar mota ya rufe fuska da hula.

Rana ta yi tsaka, iska ta kwanta. Hayaƙin ya miƙe sama, ya shiga cikin ganye, hasken rana yana ratsa shi. Ban san ko barci na yi ba. Na dai ga mutane suna fitowa daga cikin hayaƙin ɗaya bayan ɗaya, da fartanya a kafaɗa, ƙafafunsu duk laka. Ga dogon nan mai gurguwar ƙafa da ke ba ni ɓargo. Ga Baba yana wanke hannu, yana yarfe ruwan a kan garwashi don ya ji ƙarar. Duk sun daɗe da rasuwa, amma suka zauna a da'ira kamar jiya suka tashi, kwanuka suna yawo daga hannu zuwa hannu. Ni ma ina cikinsu, ƙarama, bakina duk maiƙo.

Na duba da'irar ina neman Inna. Ba ta ciki. Tana tsaye a bakin tukunya, gefen zanenta a soke, ta ɗebo romo da ludayi ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Ta tsamo dankali ta hura ta gutsura, wai ta ji ko ya nuna. Na koma wata ranar, na sake komawa wata, damina da rani, ina nemanta a zaune da kwano a gabanta. Ko sau ɗaya ban same ta ba. In Baba ya ce ta zo ta ci, amsarta ɗaya ce: "Ku ci, na ƙoshi."

Ƙarar jan itace ce ta dawo da ni. Inna ce a tsugune a bakin murhu, ban san yadda ta kawo kanta ba. Ta janye ƙaton itace ɗaya ta turmusa bakinsa a toka.

"Wa ya koya miki iza wuta haka?" ta ce. "Itace uku ake sawa. In ya tafasa a janye ɗaya, in nama ya saki a janye na biyu. Ke kin tara kamar mai ƙona gona."

Yaya ya taso da sauri. "Inna, hayaƙin nan zai tayar miki da tari, zo ki..." Na damƙe bayan rigarsa har sai da ya waiwayo. Na girgiza masa kai.

Ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba, na sa mata ludayi. Ta ɗebo, ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ƙwalla ta cika mini ido, na bar wa hayaƙi laifin.

"Gishiri bai ji ba."

Ƙullin gishirin yana kusa da ƙafata. Na taka shi don kada ta ɗauka, na tsakuro ɗan mitsitsi na ba ta. Ta barbaɗa, ta juya, ta jira, ta kurɓa daga bakin ludayin. Bai ji ba. Na ƙara mata wani mitsitsin. Da ya kusa daidai, na ce romon ya yi kauri, na tuttula ruwa kofi guda. Ta yi mini faɗa sosai, faɗan da na yi wata uku ina kewarsa, sannan aka koma farko. Ta gutsuri dankali ta ji ko ya nuna. Ta yagi nama ta ji ko ya saki. Kafin la'asar tukunyar ta sauka da kusan yatsa uku, kuma ni da Yaya ko cokali ba mu sa ba.

Ranar Juma'a likita ya ce a bar maganar roba tukuna. Duwatsun nan uku Yaya ya loda su a mota yana mita, muka kafa su a bayan gidana, kusa da igiyar shanya. Kullum da hantsi nakan hura wuta da itace huɗu, in ɗora tukunya, in manta da gishiri.

Jiya tana zaune a kan 'yar kujera, ludayi a hannu, hayaƙi yana zagaye ta. Ta lasa tafin hannunta ta dube ni.

"Auta, tun kina shekara bakwai na koya miki girki. Na san hannunki bai lalace ba."

Na sunkuyar da kai ina gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Ta miƙo mini tafin hannu.

"Ba ni gishirin. Kaɗan dai, kada ya ji da wuri."