Bargon Direba Pang Ya Ƙi Bushewa

Ranar da Direba Pang ya ciro bargonsa daga injin wanki, sai da ya saki baki. Bargon gashin agwagwa ne da ɗansa ya aiko masa, mai taushi da kumburi kamar burodi. Abin da ya fito kuwa tsumma ne, gashin ya cure dunƙule-dunƙule a kusurwoyi, ga ƙarni sai ka ce a ɗakin aka fige agwagwar.

Ɗakinsa yana ƙasa, can ƙuryar lungunsu a birnin Ningbo na ƙasar Sin, inda rana ba ta leƙowa ko da wasa. Barandar da ke shan rana tun safe ta Malama Tong ce, a saman bene. Mijinta ya daɗe da rasuwa, matar Pang ma haka, kuma Pang ya jima yana shirya maganar da zai faɗa mata. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas, yana surfa wa masu keke zagi ta taga, da ya gan ta sai harshensa ya sarƙe, ya ɓuge da tambayar lafiyar kyanwarta. Ga shi 'yarta tana son ɗauke ta zuwa birnin Shenzhen mai nisa kafin sanyi ya kankama, ita kuma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. In bai buɗe baki yanzu ba, shi ke nan.

Ya rungumi bargon ya hau bene yana haki.

"Direba Pang, gawar wa ka ɗauko mini?" in ji Malama Tong tana toshe hanci.

"Malama, a taimaka mini da rana."

"Rana ba tawa ba ce, baranda ce tawa. Cire takalmi ka shigo."

Ta sa shi ya baza bargon a kan gora biyu. Ta hana shi matsewa, ta kuma ƙwace mabugin da ya ɗauko. Da yatsu ake warware dunƙulen, in ji ta, da tafin hannu ake bubbugawa a hankali, a riƙa juyawa har tsakiyar ta bushe, in ba haka ba ya yi fumfuna.

"Ni dai kafaɗata ba ta da lafiya. Ka riƙa hawowa kana juya abinka."

Daɗi ya kashe Pang. Kullum da hantsi yana sama, yana warware gashi, tana kawo masa gasasshen dankali da zafinsa, suna hirar 'ya'ya da ciwon gwiwa. Kullum yana rantse wa kansa yau zai faɗa, kullum yana saukowa da maganarsa a ciki.

Sai bargon banza ya fara kumbura. Ƙarnin ya tafi, ya soma ƙamshin rana. Pang ya dafa shi, ya ji ya bushe sarai. Malama Tong na shiga kicin, ya buɗe kwalbar shayin nan da ba ta rabuwa da hannun direba, ya tsiyaya kaɗan a kusurwa.

"Da sauran danshi, Malama."

Ta taɓa. "Haka ne kuwa. To, gobe."

Gobe ma haka, jibi ma haka. Har maƙwabciyar da ke shanya a tagar da ke fuskantarsu ta ɗaga murya: "Wai a kogi kuke shanya bargon nan ne?"

Wata safiya ya tarar da Malama Tong tsaye a baranda da tabarau a hanci, ta riƙe wani abu ɗan mitsitsi tsakanin yatsu biyu. Ganyen shayi ne. A kusurwar bargon kuma ga tabo ruwan ƙasa ya yi shimfiɗa.

"Direba Pang, wannan agwagwar taka shayi take sha?"

Kunnuwansa suka yi ja.

"Na koyar da 'yan firamare har na yi ritaya, ban taɓa ganin ƙarya maras dabara irin wannan ba. Ko ruwan famfo ba ka iya ɗebowa? Za ka ruɓar da gashin a banza. Me kake nema?"

Ya dubi gora, ya dubi ƙasa, babu mai taimako.

"In ya bushe, ba ni da dalilin hawowa," ya ce. Da ya ga bai mutu ba, sai ya ƙarasa da muryar da yake kiran tasha da ita a bas: "Kada ki tafi Shenzhen! Ki aure ni!"

Har maƙwabciya mai shanya ta tsaya da riga a hannu. Malama Tong ta janye bargon daga gora, ta ninke, ta ɗora masa a hannu.

"Sauka da shi. Ka wanke tabon nan da kyau."

Zuciyarsa ta karye. Ya juya sumui-sumui, ya sa takalmi, har ya taka matakala ta farko.

"Direba Pang," ta kira shi, tana danna lambar 'yarta a waya. "In ka dawo da shi, ka haɗo da matashin kanka. Bargon nan ba zai sake sauka ba."