Matar da Ta Yi Kuka a Fim ɗin Chizuru

Ban yi nisa a makaranta ba, amma na tsufa ina sayar da wuƙaƙe a kasuwannin bukukuwa na Osaka, don haka ina gane sakura tun daga nesa. Sakura shi ne wanda mai kaya yake dasawa cikin taro, ya yi ta yabon kaya kamar baƙo, har masu saye na gaskiya su zura hannu a aljihu.

'Yata Chizuru ta daɗe tana zana katun ɗin yara a talabijin, labarin wani kunkuru mai yawo da lema. Bana kamfaninsu ya sa ta mayar da shi fim na sinima. Ranar da aka nuna wa 'yan jarida na je da kwat ɗina ta biki. Ana tsakiyar fim, daidai inda iska ta fizge lemar kunkurun, wata mata a gabana ta fashe da kuka har da shessheƙa. Na lura ba yaro tare da ita, kuma kujerarta na manne da ta Hozumi, mai sharhin da kowa ke shakkar alƙalaminsa.

Washegari Hozumi ya rubuta cewa ya shiga da zaton shirin talabijin ne aka ja kamar taliya, sai ga babbar mace tana hawaye a gefensa. Sauran jaridu suka bi sahu. Kamfani ya yi wa Chizuru tayin fim na biyu.

Ta zo gida cin abincin rana, ta zura min ido.

"Baba, ka ga matar nan?"

"Na gan ta."

"To?"

"To shinkafarki na hucewa."

"Kar ka yi min wayon kasuwa. In dasa ta aka yi, ba zan taɓa na biyun ba."

Na san halinta, za ta aikata. Sai na bi tsofaffin abokan sana'a da tambaya, har aka nuna min wani sabon shagon taliya a unguwar Namba. Ga matar a layi. Ina kallo ta kai bakin ƙofa, ta zame ta koma baya.

Na ce, "Yaya, wannan layi naki ba ya ƙarewa ne?"

"Tsoho, in ba ci za ka yi ba, matsa min."

"Ɗan gida ne ni. Kafin ki koyi tsayuwa a layi nake dasa irinku."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi murmushi. Sunanta Fusae. Da na ambaci fim ɗin sai murmushin ya ɗauke.

"Eh, kamfanin ne ya ɗauke mu. Amma dariya aka ce mu yi. An ce da lema ta tashi, a ƙyalƙyale. Ni ce na ɓata musu shiri, sauran duk suka daskare. Wanda ya ɗauke mu ya ce kar in sake nuna fuskata."

"Me ya sa ki kuka?"

"Wannan ba ruwanka." Ta gyara jakarta. "Tsayuwar da kunkurun ya yi cikin ruwan sama yana kallon hannunsa. Je ka, kana kashe min aiki."

Na tafi ina juya maganar. Ƙwararren sakura yana da ƙarya ta biyu a ajiye domin wanda ya kama ta farko, kuma matar nan ƙwararriya ce. Idonta bai nuna min komai ba.

Na faɗa wa Chizuru duka, har da shakkata. Ta ajiye tsinken cin abincinta.

"Wurin lemar? Baba, watanni na yi ina gyara wurin nan don a yi dariya!"

"To, ko waɗanda aka ɗauka domin ta ba su yi ba."

Ta ɗauki jakarta ta nufi sinimar unguwa, inda iyaye ke kai yara bayan an tashi makaranta. Da ta dawo ta ce yaran sun yi ta ihu suna gaya wa kunkuru inda lemar ta faɗi, babu mai kuka, babu mai dariya.

"Zan yi na biyun," in ji ta. "Amma ranar nuna wa 'yan jarida, kai za ka tsaya a ƙofa ka tare sakura."

Na ce na yarda, in dai har da Hozumi zan bincika.