Saɓa Ta Biyar

Sau uku tana goge idon madubin ƙara girman ƙwari da bakin mayafinta, sau uku tana ganin abu ɗaya. Ɗan ƙwaron yana kwance a kan gilashi, bajajje kamar ɓawon kifi, tohon fukafukansa ya yi faɗi, ga gashin nan ya kewaye jikinsa a jere. Ƙwarƙwatar ganye mai tsalle ce, kuma irin wadda ke ɗauke da ciwon lemo ce. Ganyen da aka ciro shi a kai ma ya fara rawaya ɓari guda.

Daga gonar babanta ganyen ya fito, shi kuwa yana zaune a benci a bakin ofis.

Duk wanda ya yi wata guda a wannan ɗakin binciken ƙwari ya san ƙa'ida: ba a yanke wa waɗannan ƙwari hukunci sai sun yi saɓa ta biyar, wato sun sauya fata sau biyar, don suna ƙanana mai cutarwa da marar cutarwa kamar an tsaga kara. Ita ce ma ke koya wa sababbin ma'aikata. Amma makonni uku da suka wuce, da Baba ya kawo mata ganye ana dab da tashi, sai ta leƙa a tsaitsaye, jaka a kafaɗa, ƙwarin kuwa suna ƙanana. Ta ce masa ba komai ba ne, kada ya wahalar da kansa da feshi. Shekara goma sha ɗaya tana aikin nan, wai ita gwana, ga inda gwanintar ta kai ta.

Shugaban sashe ya zo ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Mutum ne mai tsokana, kullum sai ya ce ta fi sanin 'ya'yan ƙwari a kan nata, amma yau babu tsokana. Ya rage murya ya ce tana iya rubuta cewa ba a tantance ba, ko tsohon ya samu ya tsinke lemon bana. Ta san doka sarai: inda aka ga ƙwaron nan tare da rawayar ganye, sare itatuwa ake yi a ƙone. Bishiya tamanin, da hannunsa Baba ya dasa su, da su ya yi mata karatu. Ta kuma san iska ba ta tsayawa a kan iyakar gona. Tsoro da kunya suka cika ta, amma ta rubuta sunan ƙwaron, ta sa hannu.

Ta fito ta tarar da Baba ya cire hula yana fifita. Ta durƙusa a gabansa.

"Uwata, tashi mana, a ofis kike," in ji shi yana dariya. "Sun girma ko? Dama don hankalina ya ƙara kwanciya na kawo."

"Baba, akwai magana."

"Bari in fara ba ki tawa. Maƙwabta sun so su yi feshi, na hana su, na ce 'yata ta duba da madubi. Har dashen nan ɗari biyu da na raina, duk na raba musu ranar Laraba. Kowa cewa yake a gaishe ki."

Ya mayar da hularsa, ya gyara zama, yana jira ta yi tata maganar.