Bangon da Ya Yi Ciki

Surukar magini ce ta sake tayar da gidansa da aka rushe, kuma a cikin waya ta tayar da shi.

Gidan shi ya gina da hannunsa. Da aka zo faɗaɗa titi aka bi ta kansa. Ba a daɗe ba ɗansa, wanda shi kaɗai Allah ya ba shi, ya rasu a hatsarin mota, ya bar mata da yara biyu, namiji da mace. Surukar ta ɗauko tsohon ta kawo shi benen da take haya, ta ba shi ɗakin da ke kusa da banɗaki saboda gwiwarsa. Nan ya zauna, kujera a bakin taga, rediyo a cinya ba a kunne ba. Yaran su gaishe shi, ya amsa, shi ke nan. In babban ya tambaye shi yadda Abbansu yake yana yaro, sai ya ce, "Yaro ne kamar kowa," ya kau da kai.

Abin ya tsaya wa surukar a rai. Yara na girma, kamannin ubansu na ɓace musu, wanda ya san shi tun yana zanen goyo kuma ya kulle baki. Ita a ofishin zanen gine-gine take aiki. Sai ta tattara tsofaffin hotunan gidan, ta riƙa harhaɗa shi kaɗan-kaɗan a lokacin hutun rana.

Wata Asabar da la'asar ta leƙa ɗakinsa. "Baba, ka sauko ka duba mini wani aiki."

"Na bar aiki."

"Dubawa kawai za ka yi."

Ya sauko yana dafa bango, bai yarda an riƙe shi ba. Filin da ake ajiye motoci babu kowa. Ta miƙa wa babban yaron wata waya mai faɗin faranti, ta ce ya ɗaga ya nuna wa Kaka.

Magini ya duba. Filin ne dai a cikin gilashin, ga duron shara, ga babur ɗin maƙwabci. Amma a tsakiya ga gidansa tsaye, da koriyar ƙofarsa. Yaron ya matsa gaba, ƙofar ta matso. Ya karkata, gefen gidan ya bayyana. Tsohon ya miƙa hannu, iska ya taɓa.

"Wasan yara," in ji shi. Amma bai koma sama ba.

Ƙaramar ta ruga tsakiyar filin. Wanta ya saita ta da wayar, sai ga ta a cikin ɗaki, tana tsalle a inda gado yake.

"Ke, fita mini daga ɗaki," in ji magini. "Ko sallama babu."

"Ai ni ce matar gidan, Kaka."

"Matar gida da ba haƙoran gaba? Na fasa."

Ta tuntsire da dariya. Surukar ta kalli ƙasa. Rabon da ta ji ya tsokani wani tun kafin rasuwar.

Daga nan shi ya shige gaba, yaran na biye, wayar na tsakaninsu. Ya nuna musu inda famfo yake, da inda kakarsu take ajiye keken ɗinki don hasken taga. Ya ce matakalar ƙofa ta fi haka tudu, surukar ta ce za ta ƙara. Har suka zagaya baya, wajen ɗakin ajiya. Nan ya tsaya cak.

"Wannan ba bangon gidana ba ne."

"Me ya same shi, Baba?"

"Ya miƙe."

Ta ce a hoton dai ya yi ciki, ya ɗan rusuna, ta ɗauka laifin kyamara ne. Ba ta zaci gininsa zai karkace ba, shi ya sa ta daidaita. Ta taɓa gilashin, ta dawo da shi yadda hoton ya nuna. Bangon ya turo ciki, layin bulo yana hawa da sauka.

Babban ya ƙyalƙyale. "Kaka, ashe kai ma kana kwafsawa!"

Tsohon ya daɗe yana kallon bangon. Muƙamuƙinsa ya motsa kafin magana ta fito.

"Ba ni na ɗora shi ba. Ubanku ne."

Dariyar ta ɗauke.

"Tsawonsa bai wuce naka ba. Na tafi aiki, na bar bulo da siminti a gida. Ya kwaɓa, ya hau gini. Ba igiya, ba awo, da ido kawai. Na dawo na tarar. Na ɗauko guduma." Ya goge baki da bayan hannu. "Ya sha gabana. Siminti ya cinye masa yatsu, suna jini. Ya ce in zan fasa, in fara da shi."

"Ka dake shi?" in ji ƙaramar.

"Na ajiye gudumar. Na sa masa mai a hannu. Abokan aikina sun yi shekaru suna mini dariya, wai magini da karkataccen bango a gidansa. Na bar su."

"Ya faɗi daga baya?"

"Bai faɗi ba. Sai da katafila ta zo."

Ƙaramar ta je ta tsaya inda aka nuna mata, ta ɗora tafin hannunta a iska, a gilashin kuwa a kan bangon ya sauka. Ta ce a faɗa mata ko Abba ya yi kuka. Wan ya ce a faɗa masa me Abba ya ƙara ginawa. Magini ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya, gajeru-gajeru, yana tsaye a kan gwiwar da ke ciwo. Wani maƙwabci ya shigo da mota, ya ga surukar na share ido da gefen mayafi, ya ja baya ya faka a waje.

Babban yaron ya ƙura wa bangon ido, idonsa ya cicciko. Ya ce Umma ta koya masa yadda ake ja da yatsa.

"Kaka, bari in gyara wa Abba. In miƙar masa, kada a ƙara yi masa dariya."

Yatsansa ya kusa gilashin. Tsohon ya damƙe masa wuyan hannu, ba da ƙarfi ba.

"A'a," ya ce. "Ba za a miƙar da shi ba."